Yadda ake yi wa likita bayanin ciwon ciki da gane abin da ya rubuta a kati

Sunaye uku ne suka cinye kusan duk wani ciwon ciki a bakin mutanenmu: olsa, taifot da basir. In zafin a sama yake, olsa ce. In ya zo da zazzaɓi, taifot ne. In ya shafi bayan gida, to basir ne ya motsa. Mutum zai yi sammako ya yanki kati, ya bi layi har rana ta take, in ya shiga gaban likita sai ya miƙa masa ɗaya daga cikin sunayen nan ya ja bakinsa ya yi shiru. Likita kuwa benci cike yake da jama'a suna jiransa, ba lallai ne ya samu lokacin tono zancen ba. Abin da yake bukata daga gare ka shi ne labarin ciwon: a ina yake, tun yaushe, yaya yake yi. Raɗa masa suna aikin likita ne, bayan ya saurara ya duba. Ga yadda za ka shirya wannan labari tun daga gida, da yadda za ka fahimci amsar da za a ba ka.

Mataki na ɗaya: san inda kowane abu yake

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya riga ya ga kayan cikin nan da idonsa, sai dai tumbin rago ɗaki huɗu ne, na ɗan Adam ɗaya. Abinci in ya bar baki yana bin maƙoshi, bututu mai tsawon kimanin santimita 25 da ya ratsa ƙirji ya sauka a tumbi. Tumbi yana can sama, daga ƙahon zuciya ya karkata hagu a ƙarƙashin haƙarƙari. Mutane da yawa in sun ce tumbi sai su dafa cibiya, alhali hanji ne a wurin. Daga tumbi abinci na shiga ƙaramin hanji mai tsawon kusan mita 6, inda jiki ke tsotse amfaninsa. Farkon wannan hanji, gutsuren da ya manne da tumbi, shi likitoci ke kira duodenum, kuma gyambo, wato olsa, na yawan fitowa a nan. Saura ya wuce babban hanji, kimanin mita ɗaya da rabi, wanda ya tashi daga ƙasan ciki ta dama, ya haura, ya gitta, ya sauko ta hagu zuwa dubura. A daidai inda ya fara, can ƙasa ta dama, akwai ɗan wutsiyar nan da ake kira afendis.

Hanta tana sama ta dama, a ɓoye bayan haƙarƙari, nauyinta a jikin babba ya kai kilo ɗaya da rabi. Matsarmama na maƙale a ƙarƙashinta tana tara ruwan ɗacin da ke narkar da maiƙo. Bayan tumbi kuma akwai fankiriyas, mai fitar da ruwan narka abinci da sinadarin insulin.

Mataki na biyu: nuna wurin da yatsa ɗaya

Kwanta rigingine, ka lanƙwashe gwiwa, ka nemi inda ya fi ciwo. In yatsa ɗaya zai iya nuna wurin, ka riƙe shi a ka. In kuwa sai da tafin hannu ka shafa ko'ina, wannan ma bayani ne, ka faɗe shi haka.

Zafi a ƙahon zuciya ya fi nuni ga tumbi ko farkon hanji. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama wanda ke tasowa bayan an ci abu mai maiƙo, har ya harba zuwa kafaɗar dama ko tsakanin kafaɗu, yana sa a yi tunanin tsakuwa a matsarmama. Wanda ya huda daga gaba ya fita ta baya, ya ɗan lafa in an zauna an sunkuya, yana iya zama fankiriyas. Ciwon afendis yana da tasa tafiyar: yakan fara a kewayen cibiya, bayan wasu sa'o'i ya koma ƙasa ta dama ya kafe a can, tari ko gargadar hanya a mota su riƙa tsananta shi. Saboda haka kada ka faɗi inda ciwon yake yanzu kawai, faɗi inda ya fara.

Mace in ciwon a mara yake ta tuna ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe kafin ta bar gida, don za a tambaya. Ciki da ya zauna a wajen mahaifa yakan zo a matsayin ciwon mara na gefe ɗaya, kuma in ya fashe ba ya jiran gobe. Dattijo ko mai ciwon suga ko hawan jini da ya ji nauyi a ƙahon zuciya tare da zufa da ƙarancin numfashi kada ya tsaya neman maganin olsa. Ciwon zuciya na zuwa a haka.

Mataki na uku: zaɓi kalmar da ta dace da irin ciwon

Hausa ba ta rasa kalmomi ba a nan, mu ne muke tattara su duka mu ce "ciwo". Murɗawa daban, wadda ke zuwa ta saki ta sake dawowa, kuma yawanci hanji ne ke yin ta. Suka daban. Raɗaɗi ko ƙuna daban. Ƙwannafi shi ne ƙunar da ke tasowa daga ƙahon zuciya ta haura ƙirji, wani lokaci da ruwa mai tsami a baki, ta fi tsananta in an kwanta bayan cin abinci. Kumburin ciki da yawan gyatsa nasu daban. Tashin zuciya ba amai ba ne, ka raba su. In abinci na tsaya maka a ƙirji in ka haɗiya, faɗi ko tuwo da nama ne kaɗai ke tsayawa, ko har da kunu da ruwa, kuma ko abin ƙaruwa yake yi.

Sai alaƙarsa da abinci. Yana tashi ne in ka ji yunwa ya lafa in ka ci? Ko cin ne ke tayar da shi? Yana tashin ka cikin dare? Ka kuma ƙirga kwanakin da gaske. "Ya daɗe" ba ta gaya wa likita komai, amma "tun kafin azumi" ko "yau kwana huɗu" tana gaya masa.

Mataki na huɗu: duba bayan gida da amai kafin ka zubar

A nan kunya ke cutar da mutane, musamman in mace ce a gaban likita namiji, ko dattijo a gaban yarinyar da ya haifi kamarta. Amma rabin amsar tana cikin bayan gida. Mai shiga masai na rami ba ya ganin abin da ya fita, don haka in ciki ya ɓaci a yi amfani da fo ko wata tsohuwar roba sau ɗaya a duba da haske.

Gudawa ko zawo a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne bayan gida mai ruwa sau uku ko fiye a yini. In ya kai kwana 14 ya shiga wani aji, bincikensa daban. In da jini da majina da yawan yunƙuri, atini ke nan. In ruwa ne tsululu, fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, yana zuba ba ƙaƙƙautawa tare da amai, a ɗauka kwalara ce har sai an tabbatar ba ita ba ce, domin tana iya ƙarar da ruwan jikin babban mutum cikin sa'o'i.

Launi na da magana. Baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, mai wari na daban, jini ne da ya zubo daga sama, daga tumbi ko farkon hanji, ya narke a hanya. A kati za ka ga an rubuta melena. Sai dai ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, irin wadda ake ba masu juna biyu a awo, ita ma tana baƙanta bayan gida, don haka a faɗa in ana shan ta. Jan jini da ke ɗiga bayan an gama ko ya ɓata ruwan tsarki ya fi zuwa daga basir ko tsagewar dubura. Wanda ya cakuɗu da bayan gidan kansa daga can ciki yake. Bayan gida fari-fat tare da fitsari mai duhu da idanu rawaya yana nufin ruwan matsarmama bai samu hanyar sauka hanji ba.

Amai ma haka. Abinci ne ya dawo, ko kore ne shar, ko jini ne ja, ko baƙi-baƙi mai gari-gari? Yanzu kowa na da waya a hannu, ɗaukar hoto ya fi dogon kwatance.

Mataki na biyar: tattara duk abin da ka sha a leda ɗaya

Duka, har da wanda kake ganin ba magani ba ne. Kwalin ƙwayoyi, ƙullin haɗin da aka ba ka a kemis don gajiya ko ciwon jiki, garin maganin ciwon kai da ake kaɗawa a ruwa, jiƙo, tsimi, maganin basir na gora da aka saya a tasha, kanwar da ake jiƙawa don ƙwannafi. Dalilin shi ne magungunan kashe zafi irin su ibuprofen, diclofenac, piroxicam da aspirin suna cikin manyan abubuwa biyu da ke haddasa gyambon ciki. Masu aikin ƙarfi, 'yan dako da 'yan acaɓa da manoma, da tsofaffi masu ciwon gwiwa, su ne suka fi shan su kullum, sau da yawa iri biyu a haɗi ɗaya ba su sani ba. Likita ba zai yi faɗa don ka sha jiƙo ba, in ma ya yi, gara faɗan da a ba ka magani a kan rashin sani. Ka faɗi gaskiya game da taba da giya, don hanta da fankiriyas ba sa ɓoye su.

Mataki na shida: karanta katin

Yawancin kalmomin da ke ba mutane tsoro a kati haɗin gutsure biyu ne, na farko sunan gaɓa, na biyu abin da ya same ta. Gastro tumbi ne, entero hanji, hepato hanta, colo babban hanji, chole kuma ruwan matsarmama. Duk kalmar da ta ƙare da itis kumburi take nufi. Da wannan kaɗai za ka warware da yawa: gastritis kumburin bangon tumbi, hepatitis kumburin hanta, appendicitis kumburin afendis, cholecystitis kumburin matsarmama, gastroenteritis kuma kumburin tumbi da hanji tare, wato amai da gudawar da aka saba gani bayan an ci abin da ya lalace. A Nijar, inda ake rubutu da Faransanci, ƙarshen kalmar ne kawai ke sauyawa, sai ka ga gastrite ko hépatite. Kalmar da ta ƙare da scopy leƙawa ce da na'ura, wadda ta ƙare da ectomy kuma cirewa ce ta hanyar tiyata.

Akwai gajerun haruffa da likitocin Najeriya ke yawan amfani da su. PUD gyambon tumbi ko na farkon hanji. GERD dawowar ruwan tumbi zuwa maƙoshi, wato ƙwannafin da ya zama ɗan gida. Dyspepsia na nufin rashin jin daɗi a saman ciki wanda ba a riga an gano sababinsa ba. Ka lura da alamar tambaya. In likita ya rubuta ?PUD, zato yake yi, bai tabbatar ba. Mutane da yawa sun shekara goma suna cewa suna da olsa, sun haramta wa kansu yaji da tsami da wake, a kan alamar tambaya ɗaya da ba a taɓa bin ta da gwaji ba.

Jaundice kuma ita ce shawara, kuma alama ce kawai. Ciwon hanta na kawo ta, toshewar hanyar matsarmama na kawo ta, fashewar ƙwayoyin jini a maleriya ko sikila ma na kawo ta. In an ce maka shawara ce, tambaya ta gaba ita ce me ya kawo ta.

Mataki na bakwai: san abin da kowane gwaji ke iya gani

Wannan wurin ya cancanci a tsaya, don a nan kuɗi ke zurarewa. Sikanin na ciki yana ganin hanta, matsarmama, saifa, ƙoda da ruwa in ya taru. Ba ya nuna gyambon tumbi yadda za a dogara da shi. Abin da ke tabbatar da gyambo shi ne endoskopi, siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki, bayan an yini ko an kwana ba a ci komai ba na sa'o'i 6 zuwa 8. Ana yin sa a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Maiduguri. Ba kowane mai ƙwannafi ne ke bukatarsa ba. Wanda ya manyanta ciwon ya zo masa sabo, ko mai rama ba dalili, ko mai wahalar haɗiya, ko wanda ya ga jini, shi ne bai kamata ya yi ta jinkiri ba.

Bayan magungunan kashe zafi, babban sababin gyambo na biyu ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, a kati H. pylori. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka gano ta a farkon shekarun 1980, lokacin da duniya ta yarda cewa damuwa da yaji ne ke huda tumbi. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, tumbinsa ya kumbura. An ba su kyautar Nobel a 2005. Amfanin wannan gare ka shi ne olsa irin wannan tana warkewa, ba ciwon rai-da-rai ba ce. Gwajin da ya fi inganci wajen gano ƙwayar shi ne na bayan gida ko na numfashi. Na jini yana iya nuna tana nan ko da an riga an kashe ta tuntuni. Kafin gwajin a dakatar da omeprazole, maganin rage ruwan tsamin tumbi, da danginsa na mako biyu, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma na mako huɗu, in ba haka ba sakamako zai fito babu alhali akwai.

Taifot kuwa, gwajin Widal da ake yi a kowane lungu ba ya isa hujja shi kaɗai. Wanda ya taɓa yin ciwon a baya ko mai wani zazzaɓin daban na iya fitowa da lambobi masu yawa. Shuka jini a ɗakin gwaji, abin da ake rubutawa blood culture, shi ya fi tabbaci. Taifot ta gaske ba abin wasa ba ce: in aka bar ta, wajen mako na uku tana iya huda hanji.

Ga hanta, haruffan da za ka nema su ne HBsAg. In an rubuta positive ko reactive, akwai ƙwayar ciwon hanta nau'in B a jini. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu kusan kashi 8 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, yawancinsu ba sa jin komai. Ba kowa ne ke bukatar fara magani nan take ba, sai an auna aikin hanta da yawan ƙwayar. Amma a gwada mata ko miji da 'ya'ya, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, jariri kuma a yi masa allurar cikin sa'o'i 24 da haihuwa. Nau'in B da C ta jini suke bi: allurar da aka maimaita, reza, askar wanzami da ƙahonsa in ba a tsabtace su ba. Nau'in B yana bi ta saduwa da kuma daga uwa zuwa jariri. A da E kuwa ta gurɓataccen ruwa da abinci suke zuwa, kuma E na da haɗari ƙwarai ga mai juna biyu, kamar yadda aka gani a ɓarkewarta a yankin Diffa a 2017.

Mataki na takwas: abin da ba a kwana da shi a gida

Aman jini ko baƙin bayan gida mai danƙo. Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya ciki ya ƙame kamar katako. Ciki ya kumbura, ba bayan gida, ba tusa, ga koren amai. Ƙaba ko gwaiwar da ta saba komawa ta ƙi komawa tana ciwo. Shawara tare da zazzaɓi ko ruɗewa. Yaro mai gudawa da idanunsa suka faɗa, ya kasa sha ko ya daina fitsari. A irin waɗannan kada a ba da maganin wankin ciki, kada a ɗura abinci, domin mai yiwuwa tiyata za a shiga.

Mai gudawa dai a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a hanya. A duba jikin ledar ORS a ga yawan ruwan da aka ce, galibi lita ɗaya ce, wato fiya wata biyu. In babu, a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokalin na gishiri, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Abin da ya kwana ya wuce sa'o'i 24 a zubar a haɗa sabo. Yara a haɗa musu da zinki na kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 a rana, ɗan ƙasa da wata shida kuma miligiram 10, kuma kada a daina ba da nono.

Mataki na tara: kafin ka tashi daga kujerar

Yi tambaya uku ko da ana ƙwanƙwasa ƙofa: "Likita, mene ne sunan abin da kake zato? An tabbatar ne ko sai an yi gwaji? Yaushe zan dawo?" In ba ka karatun boko, roƙe shi ya faɗa maka da Hausa, ko ka je da wanda zai riƙe maka bayanin.

In an ba ka maganin H. pylori, yawanci iri uku ne ko huɗu a tare na kwana 10 zuwa 14. Zafin kan lafa a kwanakin farko, kuma a nan ne mutane ke ajiye sauran ƙwayoyin a kan firji, ƙwayar cutar ta farfaɗo ta ƙi jin magani a karo na biyu. A shanye duka. Omeprazole ana shan sa ne kimanin rabin sa'a kafin karin kumallo. Madara tana sanyaya ƙuna na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo ruwan tsami, don haka ba magani ba ce. In ciwon jiki ya taso a nemi paracetamol a bar su diclofenac, shi ma kada babba ya wuce giram 4 a yini, mai ciwon hanta kuma ya tambayi likita tukuna. Mai gyambon da bai warke ba, ko wanda ya taɓa zubar da jini, ya yi maganar azumi da likitansa tun cikin Sha'aban. Bayan an gama magani da aƙalla mako huɗu a koma a sake gwajin bayan gida ko na numfashi don a tabbatar ƙwayar ta mutu, kuma a tafi da tsohon sakamakon da kwalayen maganin da aka sha.